Audie Murphy: Gwarzon sojan da yaƙi ya biyo har ɗakin barcinsa

Ɗan'uwa, in akwai sauran data a wayarka, shiga Google ka rubuta Audie Murphy ka duba hotunan da za su fito. Za ka ga wani saurayi mai fuskar yara sanye da kakin soja, yana murmushi, ƙirjinsa cike da lambobin yabo. Ɗaya daga cikin hotunan shi ne wanda mujallar Life ta buga a bangonta ranar 16 ga Yuli, 1945, lokacin yana ɗan shekara 20. Da a zamanin nan ne, irin hoton da za a yi ta ɗorawa a Facebook da TikTok ke nan ana zuba masa ruwan yabo.

Yabon kuwa ya cancance shi. Yana sahun gaba cikin sojojin Amurka da suka fi samun lambobin bajinta a Yaƙin Duniya na Biyu, har Faransa da Beljiyam sai da suka ba shi nasu. Sai dai akwai abin da hoton bai nuna maka ba. Mutumin nan ya yi shekara 26 a duniya bayan yaƙin, kuma ya yi su ne cikin rashin barci da mugayen mafarkai, har yakan kwana da bindiga cike da harsashi a ƙarƙashin filonsa. Na kawo maka labarinsa ne saboda wata magana da muke yawan yi a zaure da kuma a soshiyal midiya, wai duk sojan da ƙwaƙwalwarsa ta gaji rago ne, ko kuma ɗan ƙwaya. Ka karanta zuwa ƙarshe tukuna, sannan ka yanke hukunci.

Yaron gonar auduga

An haifi Audie Leon Murphy ranar 20 ga Yuni, 1925 a wani ƙauye mai suna Kingston a jihar Texas. Shi ne na bakwai cikin 'ya'ya 12. Iyayensa ba su da gonar kansu, gonar wani suke nomawa, in an girbe a raba amfanin da mai gona. Ka dai san irin wannan rayuwa, kullum ana cikin aiki amma tukunya ba ta cika. Uban kuma yau yana gida gobe ba ya nan, har wata rana ya sa ƙafa ya fita bai sake dawowa ba.

Audie ya bar makaranta yana aji biyar na firamare, ya koma tsinkar auduga ana biyansa dala ɗaya a wuni. In ya tashi daga gona sai ya ɗauki bindiga ya shiga daji farautar zomo da sauran ƙananan namun daji. A nan ya koyi saiti, don ranar da ya kuskure, miyar gidansu lami za a sha. A 1941 mahaifiyarsa ta rasu yana wajen shekara 16, aka kwashi ƙannensa uku aka kai su gidan marayu.

Ka riƙe wannan a ranka, don zai yi mana amfani a gaba. Tun kafin yaron nan ya ji ƙarar igwa, ya riga ya san yunwa, ya ga uba ya gudu, ya ga uwa ta mutu, ya ga gidansu ya watse. Likitocin ƙwaƙwalwa sun tabbatar cewa wanda ya sha irin wannan wuya yana ƙarami ya fi shiga haɗarin samun matsala in wani babban tashin hankali ya same shi daga baya.

Sun ce ya yi ƙanƙanta

A watan Disamba na 1941 Japan ta kai hari sansanin jiragen ruwan Amurka na Pearl Harbor, Amurka ta shiga yaƙi. Audie ya je neman shiga soja, aka duba shi aka ce ya koma gida, shekarunsa ba su kai ba, jikinsa ma bai kai ba. Sojan ruwa suka ƙi shi, sojan ƙasa ma da farko suka ƙi shi. Sai da yayarsa Corinne ta sa hannu a takardar rantsuwa aka ƙara masa shekara guda, sannan rundunar sojan ƙasa ta karɓe shi ranar 30 ga Yuni, 1942. Nauyinsa a lokacin bai wuce kilo 51 ba. A wajen horo ma sai da ya taɓa suma ana tsakiyar fareti.

A farkon 1943 aka sauke shi a Kasabalanka ta ƙasar Maroko, aka sa shi a Runduna ta 3 ta sojan ƙasa. A watan Yuli rundunar ta tsallaka teku ta dira tsibirin Sisili na Italiya, a can ya fara ganin yaƙi ido da ido, a can kuma zazzaɓin cizon sauro ya fara kama shi, ya riƙa tashi masa lokaci zuwa lokaci.

A wannan tsibiri ne aka yi wani abu da zai nuna maka yadda manyan soja na wancan zamani ke kallon gajiyar ƙwaƙwalwa. Rundunar su Audie tana ƙarƙashin Janar George Patton ne. A watan Agusta na 1943, sau biyu Patton ya shiga asibitin filin daga ya tarar da ƙaramin soja babu rauni a jikinsa, sojan ya ce zuciyarsa ce ta kasa ɗauka, Patton ya ɗauke shi da mari a gaban likitoci, ya kira shi matsoraci. Daga baya ma aka gano ɗaya daga cikinsu zazzaɓin cizon sauro ne ke cin sa. Janar Eisenhower ya tilasta wa Patton ya nemi afuwa. To amma ka sa kanka a matsayin kurtu ɗan shekara 18 a wannan runduna. In hannunka ya fara rawa da dare, wa za ka gaya wa?

Ranar da aka kashe amininsa

Daga Sisili suka hau babban yankin Italiya, suka yi Anzio, suka shiga birnin Rum a watan Yuni na 1944. Audie na ta samun ƙarin girma, daga kurtu zuwa kofur zuwa saje, mutanen da suka fara tafiyar tare kuma suna ta raguwa ɗaya bayan ɗaya.

Ranar 15 ga Agusta, 1944 suka sauka a gaɓar kudancin Faransa. Kusa da wani gari mai suna Ramatuelle, wasu sojojin Jamus suka yi kamar za su miƙa wuya. Babban amininsa Lattie Tipton ya amince da su ya fito fili, suka harbe shi nan take a gaban idon Audie. Shi kuwa ya nufe su shi kaɗai, ya kashe wasu, ya raunata wasu, ya kama 11. A kan haka aka ba shi lamba ta biyu mafi daraja a rundunar. Ka lura da kyau, ranar da hukuma ta rubuta a matsayin ranar bajintarsa, a wajensa ita ce ranar da ya rasa mutumin da ya fi kusa da shi a duniyar soja.

A watan Oktoba aka ɗaga shi zuwa ƙaramin laftanar a filin daga, yaron da bai gama firamare ba ya zama hafsa. Bayan kwana 12 wani maharbi da ya laɓe ya same shi a ƙugu. Raunin ya ruɓe, sai da likitoci suka yanke wani ɓangare na naman wurin. Da ya ɗan warware, a watan Janairu na 1945 aka mai da shi bakin daga.

Awa guda a kan mota mai ci da wuta

Ranar 26 ga Janairu, 1945, ana tsananin sanyi da dusar ƙanƙara kusa da ƙauyen Holtzwihr a gabashin Faransa. Audie ne ke jagorantar kamfaninsu saboda sauran hafsoshin duk babu su, mutanensa kuma sun ragu ƙwarai. Sai ga tankokin Jamus shida da tarin sojan ƙasa sun nufo su. Ya umarci yaransa su ja da baya su shiga kurmi, shi ya tsaya da wayar tarho yana gaya wa masu igwa inda za su yi luguden wuta.

A kusa da shi akwai wata motar yaƙinsu mai harbin tankoki da aka riga aka buga, tana ci da wuta, mutanen cikinta sun fice, kuma ko yaushe tana iya tarwatsewa. Ya haye kanta ya kama babbar mashingar da ke sama. Kusan awa guda yana ɓarin wuta shi kaɗai, an ji masa rauni a ƙafa bai sauka ba, sai da harsashi ya ƙare. Takardar yabon da aka rubuta masa ta ce ya kashe ko ya raunata kimanin sojojin Jamus 50. Da ya koma wurin yaransa bai tsaya an duba ƙafar ba, ya tattara su suka kori abokan gaba. Shekararsa 19 a ranar.

A kan wannan ne aka ba shi Medal of Honor, lambar da babu sama da ita a sojan Amurka, ranar 2 ga Yuni, 1945 kusa da birnin Salzburg na Ostiriya. To kai mai cewa rago ne kawai ke samun matsalar ƙwaƙwalwa, ga mutumin da za ka fara gaya wa.

Daga bariki zuwa Hollywood

Hoton nan na mujallar Life ya faɗa hannun shahararren ɗan fim James Cagney, shi ya gayyace shi Hollywood. Farkon zuwansa bai ji da daɗi ba, har akwai lokacin da a ɗakin motsa jiki na wani abokinsa yake kwana. Amma kuɗin da ya samu bayan yaƙi, abin da ya fara yi da su shi ne sayen gida ga yayarsa Corinne, aka ɗauko ƙannen nan uku daga gidan marayu.

Sannu a hankali ya samu karɓuwa. Ya fito a fina-finai sama da 40, akasarinsu na kaboyi. A 1949 littafin tarihin yaƙinsa mai suna To Hell and Back ya fito, a 1955 aka mai da shi fim, kuma shi da kansa ya fito a matsayin kansa, duk da cewa da farko ya so a ba wani. Fim ɗin ya zama wanda ya fi kawo wa kamfanin Universal kuɗi, bai samu wanda ya doke shi ba sai bayan shekara 20.

Tsaya ka yi tunanin abin da wannan aikin ke nufi. An sake sa masa kaki, an sake tayar da ƙarar bama-bamai, an kawo wani ɗan wasa ya fito a matsayin amininsa ya faɗi matacce a gabansa, darakta ya ce a sake ɗauka. Jama'a sun cika silima suna tafi, shi kuma abin da ke hana shi barci ne ya zama sana'arsa.

In dare ya yi

Tun a watan Yuni na 1947, binciken da likitoci suka yi masa ya nuna yana fama da ciwon kai da amai da mafarkan yaƙi, kuma sai da maganin barci yake samun sauƙinsu. Ga saurin fushi, ga lokutan da yakan shiga baƙin ciki mai nauyi.

A 1949 ya auri 'yar fim Wanda Hendrix, auren ya mutu bayan kimanin shekara biyu. Ita ce ta bayyana cewa ya taɓa nuna ta da bindiga. Ita ce kuma ta ba da labarin yadda ta gan shi yana kuka da aka nuno marayun Jamus a labaran silima, yana jin kamar da hannunsa a maraicinsu. Wannan ciwo ba ya wanke laifin mutumin da ya tsorata matarsa da makami, kuma babu macen da ya kamata a ce ta zauna cikin irin wannan haɗari don mijinta gwarzo ne. Abin da labarin ke nuna maka shi ne ciwon da ba a yi maganinsa ba ba ya tsayawa kan mai shi kaɗai, har mutanen gidansa yake ci. A 1951 ya auri Pamela Archer, suka haifi 'ya'ya maza biyu, ita ce ta zauna da shi har ƙarshen rayuwarsa.

Mene ne wannan ciwo?

Bari in yi maka bayani a sauƙaƙe. A cikin ƙwaƙwalwar kowane ɗan Adam akwai wani ɓangare mai aikin maigadi. Da ya hango haɗari sai ya buga ƙararrawa, zuciya ta ƙara gudu, tsoka ta ɗaure, barci ya gudu, kunne ya buɗe. Wannan ne ke tsirar da soja a filin daga. In haɗari ya wuce, maigadin yakan koma ya zauna. Amma in an shafe wata da watanni ƙararrawa na bugawa dare da rana, a wajen wasu mutane sai ta ƙi mutuwa ko bayan sun dawo gida. An bugo ƙofa da ƙarfi, ko taya ta fashe a titi, sai jikin ya amsa kamar an buɗe wuta. Mutum ya riƙa ganin abin da ya faru a mafarki ko ma ido biyu, ya guji taro, ya guji duk abin da zai tuna masa, ya daina jin daɗin abin da da yake so, ya riƙa tuhumar kansa don me ya rayu abokansa suka mutu.

Ba kowane sojan da ya je yaƙi ke kamuwa da shi ba, mafi yawa sukan warware da kansu bayan 'yan makonni. Amma daɗewa a bakin daga ba hutu yana ƙara haɗarin sosai. A 1946 wasu masu binciken rundunar Amurka biyu, John Appel da Gilbert Beebe, sun duba bayanan sojojin ƙasa na wannan yaƙi, suka kammala da cewa babu wani abu wai shi sabawa da yaƙi. A lissafinsu, in matsakaicin soja ya tara kwana 200 zuwa 240 a cikin wuta, to ƙarfinsa ya ƙare. Ka ga ashe magana ce ta nauyin aiki da iyakar abin da jikin mutum zai iya ɗauka. Audie kuwa daga Yulin 1943 zuwa farkon 1945 yana ciki, in ka cire kwanakin da ya yi a gadon asibiti.

Ciwon ya daɗe, sunansa ne ke canzawa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ana ɗauka girgizar bama-bamai ce ke taɓa ƙwaƙwalwa. A wancan yaƙi Birtaniya ta harbe sojojinta da na ƙasashen da ke ƙarƙashinta su 306 bisa laifuffuka irin su gudu daga fagen fama da tsoro, ana kuma ganin da dama cikinsu marasa lafiya ne. Sai a 2006 aka yi musu afuwa. A zamanin Audie gajiyar yaƙi ake ce masa. Sunan da likitoci ke amfani da shi yau, PTSD, wato firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, bai shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ba sai a 1980, shekara tara bayan mutuwar Audie.

Ƙwaya, caca da bashi

Wanda ba ya barci zai nemi abin da zai sa shi barci, ko ta halin ƙaƙa. Likita ya rubuta wa Audie wani maganin barci mai suna Placidyl, ya yi ta sha har ya zama ba ya iya rabuwa da shi. A tsakiyar shekarun 1960 ya gane cewa ƙwayar ta mallake shi, ya kama ɗaki a otal ya kulle kansa mako guda har ya rabu da ita. Ya yi sa'a ya fito da rai. Kada ka kwaikwayi wannan, domin yanke irin waɗannan magunguna farat ɗaya na iya jawo jijjiga har ma da mutuwa. A hannun likita ake rage su sannu a hankali.

Sai caca. Yana kiwon dawakin tsere, yana kuma zuba kuɗi a kansu ba ji ba gani. A 1968 ya bayyana cewa ya yi asarar dala 260,000 a wata harkar man fetur a Aljeriya, ga hukumar haraji na bin sa bashi. A 1970 aka kama shi bayan wata rigima da wani mai horar da karnuka, aka gurfanar da shi bisa zargin duka da niyyar kisa, kotu ta wanke shi. Duk da wannan matsi na kuɗi, kamfanonin giya da na sigari sun nemi ya yi musu talla ya ƙi, saboda ya san yara na kallonsa.

Ranar da ya buɗe baki

A wancan zamani, namiji, kuma soja, kuma tauraron fim ɗin kaboyi, ba ya fitowa ya ce yana tsoron dare. Abin kunya ne, yana ma iya kashe masa kasuwa. Audie ya fito ya faɗa. Ya yi magana a fili kan rashin barcinsa da mafarkansa, ya jawo hankali kan halin da samarin da suka dawo daga yaƙin Koriya da na Vietnam ke ciki. Ya nemi gwamnati ta yi bincike mai zurfi kan abin da yaƙi ke yi wa tunanin soja, ta kuma faɗaɗa kulawar lafiya ga tsofaffin sojoji ta haɗa da wannan ɓangare.

Maganar ta yi nauyi ne saboda bakin da ta fito. Da wani soja ne da ba a sani ba, da sai a ce dama can matsoraci ne. Amma babu mai iya jifan mutumin Holtzwihr da wannan kalma. Duk wani tsohon soja da ke zaune a ɗaki yana zaton shi kaɗai ne, ya samu wanda zai nuna wa iyalinsa ya ce ga irin abin da ke damuna.

Ranar 28 ga Mayu, 1971, ƙaramin jirgin saman da yake ciki ya yi karo da wani dutse a jihar Virginia cikin ruwan sama da hazo. Shi da matuƙin da sauran fasinjoji huɗu babu wanda ya tsira. Shekararsa 45. An binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington ranar 7 ga Yuni. A al'adar wurin, akan yi wa rubutun kabarin masu Medal of Honor ado da ruwan zinare, amma shi ya bar wasiyya a bar nasa kamar na kowane soja. A 1973 aka buɗe asibitin tsofaffin sojoji a birnin San Antonio da sunansa. Matarsa Pamela kuwa, da ya bar ta da bashi, ta koma ƙaramin gida ta kama aikin akawu a wani asibitin tsofaffin sojoji a Los Angeles, ta shekara 35 tana yi musu hidima.

Ina abin ya shafe ka?

Kada ka ce wannan labarin Turawa ne. Yaƙin da Audie ya yi, kakanninmu ma sun yi shi. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda Ingila ta kai Bama suka gwabza da Japan, akwai dubban samarin Arewacin Najeriya a cikinsu. Bayansu an yi yaƙin basasa, an yi Laberiya da Saliyo a shekarun 1990. Tun 2009 kuma ga rikicin Boko Haram a Borno da Yobe har zuwa Diffa, ga dazukan Zamfara da Katsina. Da wuya ka rasa wa ko ƙane ko abokin makaranta da ke cikin kaki a ɗaya daga cikin wuraren nan. Ke kuma 'yar'uwa, wataƙila mijinki ne ko wanda za ki aura.

To in ya dawo hutu ka ga ya canza, ka lura. Da mai hira ne yanzu ya yi shiru, ba ya barci, yana firgita in yara sun fasa nokawut, ƙaramin abu ya hau faɗa, ko ya fara neman tiramadol ko maganin tari ko giya don ya samu ya runtsa. In abin ya wuce wata guda, ya kai a ga likita. Kada ka matsa masa da tambayar mutum nawa ya kashe, wannan ba hira ba ce. Ka zauna da shi, in ya yi magana ka saurara, in bai yi ba ka bar shi ya san kana nan. Kada ka ce masa ai namiji ba ya haka, ko kuma rashin tawakkali ne. A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti, kamar yadda za a yi da harsashi ne a cinyarsa.

Ciwon yana da magani, abin da Audie bai samu ba a zamaninsa. Akwai zaman tattaunawa da ƙwararru suka tsara musamman don shi, akwai magunguna, kuma mutane da yawa suna samun sauƙi su koma rayuwarsu. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna da Kware ta jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. In kuwa ya fara maganar ya gaji da rayuwa ko gara ya mutu, kada ka ɗauka wasa yake. Kada a bar shi shi kaɗai, a nisanta shi da makami da ƙwayoyi, a nemi likita a ranar. Matar da ke jin tsoron abin da zai iya yi mata ko 'ya'yanta ta gaya wa manya, ta matsa inda za ta tsira tukuna, magani ya biyo baya.

Sai batun wayarka. Wata rana za ka ci karo da bidiyon soja yana kuka, ko yana sambatu, ko ya fusata yana abin da bai dace ba. In ya cuci wani, doka ta yi aikinta a kansa, kaki ba lasisin zalunci ba ne. Amma kafin ka sa alamar dariya ka tura wa guruf, ka tuna ba ka san wata nawa ya yi bai ga gidansu ba, ba ka san gawar wa ya ɗauka a kafaɗarsa ba. Kuma akwai wani sojan da ke karanta abin da kuke rubutawa a ƙarƙashin bidiyon, yana auna ko ya gaya wa wani abin da ke damunsa ko ya ci gaba da shiru.

In kai ne sojan, kana karanta wannan a bakin shinge ko a bariki, to ka ji: abin da ke hana ka barci ya hana wanda ya tsaya wa tankoki shida barci. Ka nemi likitan rundunarku ko wani da ka yarda da shi ka faɗa masa. In kuma kana da ɗan'uwa a daji, kada ka jira sai ya kira. Ka kira shi yau, bayan gaisuwa ka tambaye shi ko yana samun barci, sannan ka yi shiru ka ji amsar.